Na ci bashi na ajiye masara, farashi ya karye: in sayar da gonata?

Wannan wasiƙa ta zo mini daga wani magidanci a ƙasar Daura, wajen Sandamu. Ya roƙi kada a ambaci sunansa. Na taƙaita ta, amma maganar tasa ce.

"Assalamu alaikum Baba. Shekaruna 37, ni ne babba a gidanmu. Mahaifinmu ya tsufa ya damƙa mini gandu, mu 11 muke ci a tukunya ɗaya har da iyalin ƙanena. A kakar 2024 na ga yadda waɗanda suka ajiye hatsi suka ninka kuɗinsu, sai na ranci kuɗi a hannun yayan matata, na sayar da wani kaso na geron cinmu na ƙara, na sayi masara buhu 20 na ajiye. Farashi bai tashi ba, sauka ya yi ta yi, har na sayar a kan faɗuwa. Da damina ta zo na ce bari in fanshe, na mayar da babbar gonarmu ta masara, na ƙara cin bashin taki. Ruwa ya ɗauke mana kusan kwana 20 daidai tana goyo, tsutsa ta ci nata, ɗan abin da na samu kuma ba shi da daraja a kasuwa. Yanzu ana bi na naira 600,000. Babanmu bai sani ba, ƙanena ya fara zargi, matata ta daina zuwa gidansu don kunya. Ba na barci. Akwai gonar da Baba ya yankar mini da na yi aure, wani ya taya. Ina so in sayar, in biya bashi, in sayi kurkura da ragowar in tafi Katsina. Noma ya fita raina. Me ka gani?"

Wa alaikumus salamu, ɗana. Allah ya yaye maka wannan damuwa, ya ƙara wa Baba lafiya.

Kada ka sayar da gonar nan. Na sa wannan a gaba ne don kada mai tayi ya riga ni isa wurinka kafin ka kai ƙarshen amsata. Kai ka fi ni sanin yadda gona ta zama a ƙasar Daura yanzu. Filin da kaka ɗaya ya noma, jikoki sun raba shi gida takwas, kowa na riƙe da ɗan yankin da shanun huɗa ke gamawa kafin hantsi. Wanda ya saki tasa, ko Allah ya buɗa masa daga baya, da wuya ya sake samun mai sayarwa kusa da gida. Mai tayin nan kuma ya ji ƙanshin halin da kake ciki, farashin mai neman mafita zai ba ka. In ka cire naira 600,000, abin da zai rage da wuya ya kai kuɗin sabuwar kurkura, sai dai tsohuwa wadda bakanike zai riƙa raba cinikin da kai. Ga mai, wanda tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku. Ga titunan Katsina cike da matuƙan da suka riga ka sanin lungu da saƙo. Bayan 'yan shekaru ƙarfe zai gaji, gona kuwa in ana ba ta taki jikanka ma zai ci a cikinta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na lura a wasiƙarka kana ganin kamar kai kaɗai ne wannan abu ya rutsa da shi. Manyan 'yan kasuwar Dawanau masu sito, da dillalan Dandume da Funtuwa da suka yi furfura a harkar masara, da yawansu sun kwana ciki a 2025. Abin da ka gani a 2024 ba kasuwar yau da kullum ba ce. Kuɗin mota ya tashi saboda mai. An saki naira ta faɗi, sefa ta yi ƙarfi, hatsinmu ya zama araha ga maƙwabta, ana ta kwasa ta hanya da ta bayan fage. 'Yan bindiga sun hana mutane da yawa noma a Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara da Faskari. Haka buhun masara ya haura naira 70,000, talaka na kuka, mai ajiya na murna. Sai a watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗauke harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na tsawon kwana 150. Manyan masu saye, irin kamfanonin abincin kaji da masu injinan sarrafa hatsi, suka samu wata ƙofar. Manoma kuma ko'ina sun ga farashin da ka gani, kowa ya faɗaɗa gona. Naira ta ɗan tsaya. Kafin kakar 2025 ta kai tsakiya, buhun masara mai kilo 100 ba ya sayen buhun kamfa mai kilo 50.

Duba da kyau, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yanke a Sandamu. Wani a Abuja aka sa masa hannu, wani a tashar jiragen ruwa ta Legas ya sauka, wani daga Yamai ya taso. An rufe iyaka a Agustan 2019, aka buɗe a Disamban 2020. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Duk mai cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya san yadda sanarwa ɗaya a rediyo ke juya farashin tiya kafin a tashi kasuwa. Mai sito goma yana iya faɗuwa bana ya fanshe baɗi. Kai mai buhu 20, da kuɗin suruki, faɗuwa ɗaya ta ishe ka.

Amma ba zan rufe ka ba, akwai naka a ciki, kuma wuri biyu ne. Na farko, ka taɓa geron ci. Na biyu, da ka faɗi sai ka bi asarar da gudu, ka ɗauki babbar gonar gida ka aza a kan amfani ɗaya da bashi na biyu. Na farkon shi ya fi tsaya mini a rai.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka yi farin 1973. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da rumbuna uku a bayan gida. Biyu ana ɗiba, na ukun an liƙe bakinsa da laka an kifa masa jinka, ba mai taɓa shi. Kafin farin an yi bikin yayata, dangi suka matsa masa ya fasa rumbun a yi kayan ɗaki, ya ƙi, ya sayar da awaki biyu da babbar rigarsa ta Sallah. Aka ce rowa ce. Shekarar da gero ya bushe a tsaye a gona, wata asuba ya tashe ni, ya fasa lakar da ƙotar fartanya, ya ɗaga ni ya zura ni ciki. Har yau ina jin warin ƙurar nan da zafin da ya buge ni. Dammunan sun yi duhu, kabar da aka ɗaure su da ita tana tsinkewa a hannuna. Amma da mata suka sussuka, ƙwayar garau take. Da shi muka ga wata kakar, har ana aika mu da ƙwarya gidajen maƙwabta bayan isha'i don kada idon mutane ya gani. Mahaifina bai san farashin Dawanau ba, bai taɓa zuwa ba. Abin da ya sani shi ne damina ba ta yi wa kowa alkawari, kuma ya ji a tafsiri cewa Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa mutanen Masar abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za su ci. Gero a zangarniya ya fi sussukakke daɗewa, kuma ya fi wuyar ɗauka a kai kasuwa ranar da zuciya ta raya wa mutum.

Don haka lissafin farko da za ka yi, tun kafin na bashi, na tukunya ne. Tambayi matan gida tiya nawa suke aunawa a rana, su suka sani. In tiya 2 ce, wata ɗaya tiya 60 ke nan, buhu ɗaya da rabi, shekara buhu 18. Ka ɗora na wata biyu ko uku a kai saboda shekarar da kaka za ta makara. Ka ware iri. Ka fitar da zakka in amfani ya kai nisabi, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar. Wannan kason ba naka ba ne, na mutum 11 ne, ciki har da tsoho da yaran da ba a yi shawara da su ba. Ko buhu ya kai nawa, ba a taɓa shi. Abin da ya ragu bayan wannan, shi kaɗai ne hatsin kasuwa, shi za ka iya yin dabara da shi.

Sai gonar kanta. Ƙasar Daura ba Funtuwa ba ce, ɗana, ko da yake jiha ɗaya muke. Ruwan da ke sauka muku a shekara yakan tsaya wajen milimita 600, nasu yakan kai 1,000, kuma daminarsu ta fi taku tsawo. Ƙasarsu tana riƙe laima, taku jigawa ce, ruwa na sauka yana zurarewa. Masara kuwa 'yar gata ce, tana son ruwa tana son taki, kuma in ƙishirwa ta kama ta lokacin da take fure tana goyo, ko ruwa ya dawo daga baya ba ta murmurewa. Gero na iya lanƙwashe ganye ya yi kamar ya mutu, ya jira, ruwa na sauka ya miƙe ya yi 'ya'ya. Kakanninmu da suka riƙe gero da dawa da wake a wannan ƙasa, suna shuka su a gicciye a gona ɗaya, ba ƙarancin wayewa ya sa su ba. Gero ya nuna da wuri, yara su ci tumu, yunwar marka ta karye. Dawa ta tsaya ta sha raɓar ƙarshen damina. Wake ya shimfiɗa a ƙasa, ya rufe ta daga rana, ya ƙara mata ƙarfi, ya bar harawa. In fari ya zo da wuri ya taɓa ɗaya, in ya zo a makare ya taɓa wani, da wuya ya kwashe duka ukun. Babbar gonarku ta koma haka bana.

Ban ce ka rabu da masara ba. Ka yi ta kaɗan a bayan gida ko a kwari, inda juji da takin dabbobi suka taru, da iri mai saurin nuna. Kuma ka riƙa shiga cikinta da sassafe tun tana ƙarama kana leƙa tsakiyar ganye. Tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 tana barin kashi kamar garin katako a wurin. In ka gan shi tun tana ƙanana, feshin asuba ko na yamma yana kama ta. In ta girma ta nutse ciki, kuɗin magani kawai za ka zubar.

Batun iri, akwai geron Sosat da manoma da yawa suka saba da shi, akwai kuma irin wake da gyaɗa da dawa da masara da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, masu sunaye irin SAMPEA da SAMNUT da SAMSORG da SAMMAZ, wasunsu masu nuna da wuri. Ka nemi malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, da ke yankinku ya gaya maka wanda ya dace da ƙasarku da inda za ka samu na gaskiya, domin a kasuwa akwai masu rina hatsi da ja su ƙulla a leda su ce iri ne. Kada kuma ka zubar da irin Baba. Irin da ya shekara arba'in a gonar nan ya san ta. Shuka wannan a gefe, wancan a gefe, kaka za ta raba muku gardama.

Taki shi ne ya karya manoma da yawa a daminar 2025, don haka a nan zan ɗan tsaya. Kuskuren da muke yi shi ne watsa shi kamar ana ba kaji tsaba, rabi ciyawa ta ci, rabi rana da ruwa su tafi da shi. Akwai hanyar da masu bincike suka gwada a Nijar, a ƙasa irin taku sak: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa a gindin kowace shuka, a tona ɗan rami a gefe, ba a jikin tsiron ba, a zuba a rufe, lokacin da ƙasa ke da laima. Buhu ɗaya zai kai inda uku ba su kai ba. Aiki ne mai cin baya, na sani, amma ku ba ku rasa hannuwa ba, kuɗi kuka rasa. Kafin wannan, tun yanzu da rani, duk wani toka da shara da kashin awaki da ke gidan ya tafi gona, ko da jaki ne ko a amalanke. In akwai Fulanin da kuke mutunci da su, ku yi magana su kwana da shanu a gonar. Gawon da ya tsiro da kansa kada a sare shi, ka dubi geron da ke ƙarƙashin gawo ka gwada da na fili. Inda ƙuduji ya yi yawa kuma, alama ce ƙasa ta gaji. A tuge shi kafin ya yi fure, a juya wurin da gyaɗa ko waken suya shekara ɗaya ko biyu.

Ruwan farko yakan yaudari mai gaggawa, kuma wanda bashi ke bi yakan yi gaggawa. Kada ka zuba irinka duka a yayyafin farko. Tona ƙasa ka ga laima ta kai kamu ɗaya tukuna, kuma ko yaushe ka bar iri na shuka ta biyu a ɗaki. In za a yi binne, a yi shi a wani yanki kawai. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron tsaikonsa a tsakiya, kuma gidajen rediyo kan kawo shi da Hausa. Ba sanin gaibu ba ne, wannan na Allah ne shi kaɗai, yakan dace yakan kuma kuskure. Amma wanda aka ce masa daminar bana gajera ce, ya san irin da zai ɗauko. Inshorar amfanin gona ta NAIC tana nan, galibi tare da bashin banki take tafiya, kuma abin da take ɗauka shi ne ɓarnar fari da ambaliya da ƙwari. Faɗuwar farashi irin wadda ta same ka ba ta cikin lissafinta.

To in Allah ya kawo kaka lafiya, yaushe za a sayar? Mafi yawan shekaru hatsi na araha da kaka, ya tashi daga bazara zuwa marka. Ka ga da idonka cewa ba kowace shekara ba. Tun da ba wanda ya san wace ce za ta saɓa, kada ka sayar rana ɗaya, kada kuma ka riƙe duka kana jiran rana ɗaya. Raba hatsin kasuwa kashi uku. Ɗaya ya tafi da kaka a biya abin da ke wuya. Ɗaya a tsakiyar rani. Na ƙarshe gab da shuka, ya zama kuɗin taki da ƙwadago, ko farashi ya yi daɗi ko bai yi ba. Ba za ka taɓa cin ƙololuwar kasuwa da wannan tsari ba, amma ba za ka sake faɗawa ramin da ka faɗa ba. Kuma ka rubuta abin da ka kashe a kowace gona, har ladan masu noma da kuɗin amalanke. Manomin da bai san nawa buhu ya tsaya masa ba, dillali ne ke gaya masa ko ya ci riba. Ka sa wake da riɗi da gyaɗa cikin abin sayarwa, domin ba kullum suke faɗuwa tare da masara ba. Ajiye abin da ka noma da hannunka ba shi ne ɓoye abincin da malamai ke hani a kai ba. Wanda ake ja wa kunne shi ne mai bin kasuwa yana kwashe abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi don ya ƙara tsada. Ka auna da kanka wane gefe sayen buhu 20 ɗin nan ya fi kusa da shi, ka nemi gafarar Allah in zuciyarka ta gaya maka wani abu.

Ajiya kuma sai hatsi ya bushe. Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo: samu kwalba busasshiya, zuba hatsi kamar rabi, ƙara cokali biyu na gishiri busasshe, rufe ka girgiza sosai ka ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a mayar shanya. In yana zuba sumul, ya yi. Wake kuma ka sa shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro na mutuwa a ciki don rashin iska, ba sai an sa magani ba, muddin ɓera bai huda ba kuma ba a yawan buɗewa. Ina roƙonka da girman Allah kada ka zuba maganin feshi a cikin abin da mutane za su ci. Wannan ɗabi'ar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, hayaƙinta na kisa in an ajiye buhun a ɗakin da ake kwana.

Saura bashin. Naira 600,000 kuɗi ne, amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma bai kai a rabu da ƙasa saboda shi ba. Gonar da kake son sayarwa, ka ba da ita haya damina ɗaya ko biyu, da kuɗi a hannu, da shaidu da takarda a gaban mai gari, a rubuta ranar da za ta dawo. Haya na ce, ba jingina ba. Jingina takan daɗe har a manta mai gona, kuma malamai suna da magana a kan mai bin bashi ya riƙa cin amfanin abin da aka jinginar masa. Ka guji bada-kaka iyakar iyawarka, wanda ya karɓi kuɗi da marka a kan zai biya da buhu da kaka, yakan yi wa wani noma ne. Sha'awar kurkura kuma ban kashe maka ita ba. Tafi Katsina ko cikin Daura da rani, karɓi ta wani ka ja kana kai balas, wata uku ya isa ka san abin da ke cikinta ba tare da ka sayar da ko taƙi ɗaya ba, ruwa na sauka ka dawo gona. In ba haka ba, akwai aikin lambu a bakin madatsun Sabke da Daberam. Kuma shekarar da hatsi ya yi araha, dusa ma araha take. Rago biyu da aka ɗaure aka ba su harawa da dusa da kowa har zuwa layya sukan mayar da hatsin da kasuwa ta raina ya zama kuɗi.

Duk wannan lissafin, ɗana, shi za ka riƙe a hannu ka je wurin mutanen da kake gudu, domin rashin barcin nan naka rabinsa bashi ne, rabinsa ɓoyo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fara da Baba. Gandun nasa ne, amana ya ba ka, kuma ina tabbatar maka tsoho ya riga ya ga rumbu bai cika ba, shiru kawai ya yi yana jiran ka zo da kanka. Same shi bayan sallar asuba, kai da shi, ka durƙusa ka faɗa masa tun daga farko har geron da ka sayar, kada ka rage komai. Zai yi faɗa, ka haɗiye. Mutumin da ya ga farin 1973 ya ga na 1984 ba masara buhu 20 ce za ta girgiza shi ba, abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji a bakin wani. Daga nan a kira ƙanenka. Yana da haƙƙi, guminsa na cikin geron nan. Ka ba shi haƙuri a gaban Baba, ka gaya masa bashin a wuyanka yake ba a wuyan gandu ba, kuma daga bana mabuɗin ɗakin hatsi da littafin lissafi su zauna a hannunsa, ko ku riƙa aunawa tare. Ba rage maka girma zai yi ba. Gandu da yawa sun watse a ƙasar nan, kuma mafi yawansu zargi ne ya watsa su, ba fari ba.

Matarka ita ce ta fi kowa shan wuya a wannan lamari, tana tsakanin mijinta da ɗan'uwanta, ba ta ci ba ba ta sha ba. Gaya mata adadin gaba ɗaya da yadda ka tsara biya. In tana da tumaki ko 'yan kuɗin sana'arta, nata ne, kada ka miƙa hannu sai in ita ta kawo da kanta, kuma ko ta kawo a rubuta shi bashi.

Sai yayanta. Kada ka aika, kada ka yi ta waya, zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi da wani abu a hannu ko kaɗan ne, kuɗin hayar gonar nan misali, domin mai bin bashi yakan ji magana da kyau in ya ga alama. Ka ce masa: Yaya, ga abin da ya faru, ga abin da na kawo, ga abin da zan kawo bayan layya, ga na kaka. Kada ka yi alkawarin da sai damina ta yi kyau zai cika, ka faɗi wanda ko ta yi rabi za ka iya. A rubuta, a sa shaidu biyu, yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, wanda da an yi shi tun farko da abin bai kai haka ba. Shi ma ya san aya ta 280 da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma kada kai ka karanta masa ita, ba bakin mai cin bashi ya kamata ta fito ba. In ya ce zai karɓi hatsi, a auna masa a farashin ranar, daga kason kasuwa.

Ranar da za ka je, ka zaɓi Juma'a bayan an sauko, kuma ka ce wa matarka ta shirya ku tafi tare. Ku kuna zaure kuna maganarku, ita ta shige cikin gida ta gaida mahaifiyarta.